Filashin da Ke Bayan Kwamfutar Injiniya

"Sake dannawa, Likita," in ji Kafinta. "Wataƙila hannunki ne ya goce."

'Yarsa ta sake dannawa. Akwatin rubutun nan ya sake fitowa a fuskar kwamfutar, da jan alama a gefensa. Ba likita ba ce tukuna, bana ta shiga makarantar koyon jinya, amma tun tana rarrafe maƙwabcinsu Injiniya ya laƙaba mata sunan, ya kuma bi ta.

"Baba, cewa yake bai ga fayilolin sauti guda goma sha huɗu ba."

"Bai gani ba kamar yaya? Ba a nan aka ajiye su ba?"

Matar Injiniya tana zaune a bakin ƙofa da kofin shayi a hannu, shayin ya huce tun ɗazu. Kwana tara ke nan da rasuwar mijinta. Masu zuwa gaisuwa sun ragu, an mayar wa maƙwabta kujerunsu, sai yau ta iya buɗe ɗan ɗakin da yake aiki. Komai yana inda ya bari: makirufo da ya sa wa tsohuwar safa don kare iska, lasifika biyu a kan kantar da Kafinta ya buga masa, tabarau a kan littafi, kofin ƙarfe da cokali a ciki.

"Ku bi a hankali," ta ce. "Shi ma sai ya zagi kwamfutar nan sau uku take tashi."

Shekara talatin Injiniya ya yi yana haɗa sauti a gidan rediyo, kuma a layin nan ba a taɓa yin mai surutu kamarsa ba. Yakan leƙo ta katanga da safe ya ce, "Kafinta, zarton nan naka mura yake yi, ka kai shi asibiti." Matarsa kuwa Manaja yake kiranta, wai ita ke ba shi hutu, ita ke korarsa daga aiki. Da ciwon maƙogwaro ya kama shi, likitoci suka ce sai an yi aiki, kuma bayan aikin ba zai sake magana ba. Mako biyu suka ba shi. Ya kwashe su yana kulle kansa a ɗakin nan da 'yar rakodarsa, yana yi wa Manaja magana a ciki. Rakodar ba ta da wuri sosai, kwamfutar ma ta cika, sai ya leƙo ta katanga.

"Ara mini filashin nan naka. Kai me kake zubawa a ciki, ƙusoshi?"

Bayan aikin, gidan ya yi tsit. Injiniya ya koma kiran matarsa da cokali a jikin kofin ƙarfe. Bugu ɗaya, ruwa. Biyu, magani. Uku kuwa, zo ki zauna kusa da ni, ba don komai ba. Wata bakwai yana zama gaban kwamfutar da abin ji a kunne, yana yanka yana jerawa, bai bari ta ji ko kalma ɗaya ba. Ya rubuta mata a takarda: "Sai na tafi. Yanzu kina da ni, me za ki yi da kwafi?"

"Baba," in ji Likita, ta rage murya, "zo ka ga."

Ya sunkuya. Ta nuna masa layuka goma sha huɗu, kowanne da sunansa, cikinsu fayau.

"Manhajar nan ba ta kwashe sautin da aka shigo da shi daga waje. Inda yake kawai take riƙewa. Kamar kabad ne, an cire durowoyin, ramukan na nan. Cewa take suna kan wani abu da aka saƙala a baya." Ta leƙa bayan kwamfutar, ta shafa ramin da yatsa. Sai ta ɗago ta dubi ubanta.

Nan take Kafinta ya tuna.

Mako biyar da suka wuce ne. An kwantar da Injiniya a asibiti karo na ƙarshe, ranar kuma ita ce ranar rufe rajistar makarantar Likita. Kafinta bai ci komai ba tun safe, ya ƙirga takardunta sau shida, ya tambaye ta hotuna sau goma. Mai shagon kwamfuta ya ce sai da filashi. Ya tuna nasa, ya karɓi makulli a hannun matar Injiniya a ƙofar asibiti, ya shigo ɗakin nan da gudu ya zare shi. A shago aka ce ya cika, a goge? Ko tambayar abin da ke ciki bai yi ba. Ya ce, "Goge, ɗan'uwa, ƙarfe huɗu za su rufe."

"Inna," ya ce, bai juyo ba, "ƙaramar matsala ce. Bari in kai wa mai gyara."

Da rana tsaka ya tsaya a shagon mai gyara, filashin da ya ɗauko daga gida a tafin hannunsa. Mutumin ya saka shi, ya daɗe yana dube-dube, yana tsaki.

"Maigida, da an goge an bar shi, da da magana. Amma an zuba wasu abubuwa a kai, an goge, an sake zubawa. Littattafan makaranta ne ma yanzu, da hotunan ƙasusuwa."

"Ko guda ɗaya? Ko rabi?"

"Wallahi ko tari ba zan iya ciro maka ba."

A hanyar dawowa ne abin da ya fi ci masa rai ya faɗo masa. Washegarin rajistar ya je duba Injiniya, yana ta murna, ya ce, "Af, na ɗauki filashina jiya, har an wanke shi tas." Injiniya ya kama wuyan hannunsa ya riƙe gam, ya rufe ido. Kafinta ya zaci ciwon ne, har zai kira ma'aikaciyar jinya. Can ya buɗe ido, ya nemi biro, ya rubuta: "Likita ta samu shiga?" Kafinta ya ce ta samu. Injiniya ya ɗaga babban yatsa, ya juya fuska bango.

Ashe ya sani. Kusan mako huɗu ya ƙara yana raye, kullum Kafinta na zuwa, bai taɓa rubuta masa komai a kai ba.

Sau biyu Kafinta ya wuce ƙofar gidan kafin ya iya shiga. Ya tarar da su inda ya bar su. Bai zauna a kujera ba, ya durƙusa a ƙasa, ya ajiye filashin a gabanta.

"Inna, babu mai gyaran da zai iya. Ni na goge. Ranar da na karɓi makulli a hannunki, ranar ce. Ban tambaya ba, ban duba ba. Hankalina na kan yarinyar nan."

Likita ta sa hannu ta rufe baki. Matar Injiniya ta dubi ɗan ƙarfen, bai kai tsawon yatsa ba.

"Duka?"

"Duka, Inna."

"Wata bakwai," ta ce. "Ina hango shi ta bakin ƙofa yana dariya ba murya, kafaɗa kawai ke rawa. In ce me ka faɗa a ciki, ya nuna mini ƙofa." Ta ajiye kofin. "Na fara manta yadda yake cewa Manaja, Kafinta. Jiya na yi ta nema a kaina, sai muryar ƙaninsa ke zuwa."

Kafinta bai ɗago ba. Ya so ta zage shi. Ba ta zaga ba, ba ta kuma ce masa "ba komai" ba.

"Likita," ta ce can, "karanta mini sunayen. Ko su in ji."

Yarinyar ta share ido, ta matsa kusa.

"Na farko, Na safe kafin shayi. Na biyu, In ta ƙi shan magani. In ta yi faɗa da 'yar'uwarta. In ruwa ya shigo ta tagar kicin, a kira Kafinta. In ta ce za ta sayar da rediyona."

"Zan sayar kuwa," in ji tsohuwar. "Da nauyinsa ma zan sayar."

Likita ta ci gaba har na goma sha huɗu. Sannan ta tsaya.

"Akwai na goma sha biyar a can ƙasa. Wannan bai ɓace ba. Da makirufon nan aka ɗauke shi kai tsaye, shi ya sa yake cikin kwamfutar." Ta duba kwanan wata. "Amma bayan aikin ne, Inna. Babu magana a ciki."

"Me ya sa masa?"

"In ta gaji da surutuna."

"Kunna."

Lasifikan suka yi ɗan huci. Aka ji kukan fanka, da zarto can nesa ta bayan katanga, yana shiga katako yana fita. Kafinta ya gane hannunsa. Aka ji numfashi mai nauyi, kujera ta yi ƙara. Sai cokali a jikin kofin ƙarfe. Ɗaya. Biyu. Uku.

Kafin na ukun ya gama amo, matar Injiniya ta riga ta miƙe, kamar yadda ta saba miƙewa wata bakwai. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin, hannunta ɗaya a kan ƙirji. Sannan ta ja kujerarta daga bakin ƙofa, ƙafar na goga siminti, ta kai ta gefen kujerar mijinta, ta zauna.

"Sake," ta ce.

Likita ta nuna mata maɓallin, ta ɗora yatsan tsohuwar a kai. Kafinta ya taɓa kafaɗar 'yarsa, suka fita a hankali, ya jawo ƙofar bai rufe ta duka ba.

A shagonsa katakon da ya fara yankawa da safe yana kan benci, zarton na maƙale a tsakiyarsa. Ya kama mariƙin. Ta bayan katanga aka buga kofi sau uku, aka yi shiru, aka sake bugawa. Ya saki zarton a inda yake, ya zauna a kan benci, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi.