Sarkin Benci

Zubaidatu ta gane ciwon tun kafin likita ta kunna na'ura. Tana ɗora abin sauraro a ƙirjin Bappa ta ji shi: bayan kowane bugu sai wani huci ya biyo, fuu, fuu, kamar zugazugin maƙeri. Ta san wannan hucin tun tana yarinya, lokacin da take kwantar da kai a ƙirjin mahaifinta, Usaid, tana tambayarsa wa ke hura wuta a ciki.

Bappa yayan mahaifinta ne, mai gidan bulo a Dogarawa, irin mutanen nan da ko gaisuwa za su yi sai an ji su a ƙetaren titi. A daminar 2006 ya zo ƙaramin asibitin da take aikin jinya a Samaru, don numfashi ya fara yi masa gardama in ya hau bene. Ko da ya kwanta a gadon awo bai daina ba da umarni ba.

"Ke Zubai, ki ce ma likitar nan ta yi sauri. Na bar leburori ba mai ido a kansu."

Dakta Adeola Hausarta ta cefane ce kawai, don haka tana nuna hoton zuciyar a allo, Zubaidatu na fassarawa. Akwai wata ƙofa a ɓangaren hagu na zuciya, in ji likita, wadda ke rufewa da kowane bugu don kada jini ya koma baya. Ta Bappa ta saki, ta yi laɓo-laɓo, ba ta rufuwa. Zuciyar na tura jini gaba, wani na zurarewa baya, sai ta ninka aiki don ta cike giɓin. Shi ya sa take bugawa da ƙarfi, wanda bai sani ba ya ɗauka lafiya ce ta yi yawa. Amma tsokar zuciya nama ce, tana gajiya. Ranar da ta gaji ta buɗe ta yi faɗi, ko an gyara ƙofar ba za ta koma yadda take ba. Yanzu ne lokacin tiyata, tun tsokar na da sauran ƙarfi, kuma Indiya ta fi ba da shawarar a je.

Zubaidatu ta faɗi komai daidai, ba ta rage ko kalma ba. Amma a ranta wani irin daɗi ne ya tsarga mata, mai zafi, wanda ba ta ji kunyarsa ba ko kaɗan.

Dalili kuwa, mahaifinta a gidan bulon nan ya ƙare rayuwarsa. Ƙanin mai gida ne a suna, a aiki lebura. Da numfashi ya fara gagararsa, sai ya riƙa zama a wani benci da ke gindin dalbejiya, ya huta kafin ya ɗauki wani bulon. Wata rana da ta kai masa abincin rana, Bappa ya tara ma'aikata, ya yaye rigar ƙanin nasa, ya kifa tafin hannu a ƙirjinsa.

"Ku zo ku ji! Wannan ƙirjin ne mara lafiya? Kamar ganga fa! Ba ciwo ba ne, lalaci ne. Daga yau ga Sarkin Benci."

Aka kwashe da dariya. Usaid ya mayar da rigarsa, ya tashi ya ɗauki bulo. Haka ya ci gaba da ɗauka har ƙafafunsa suka kumbura, har ranar da aka ɗauke shi shi ma. Sunan bai mutu da shi ba. A gidan biki, a gidan suna, dangi in za su nuna ta sai su ce 'yar Sarkin Benci, suna murmushi kamar sun yi mata kirari. Ta yi makarantar jinya da wannan sunan maƙale a wuya, kuma a can ta gane abin da ya kashe ubanta yana da suna a littafi.

To, zuwa Indiya ba zuwa Kano ba ne. Abin da zai iya kai Bappa can shi ne filin gado na Hanwa, wanda ba a raba ba tun rasuwar mahaifinsu, kuma ba ya sayuwa sai kowa ya yarda. Aka kira taro ranar Lahadi bayan la'asar a gidan Gwaggo Raihana, babbar yayarsu.

Abin takaici ga Bappa, ya zo taron da ƙafarsa, fuska shar, ciki a gaba, murya na nan yadda take. Ƙannensa suka kalle shi sama da ƙasa. Wani ya ce asibitocin kuɗi in ka shiga da mura sai ka fito da tiyata. Wani ya ce wanda za a tsaga wa ƙirji ba ya cinye malmala uku, kuma jiya a gabansa aka yi. Bappa ya yi rantsuwa, ya yi faɗa, kuma duk ƙarfin da ya sa wajen faɗan sai ya zama shaida a kansa.

Gwaggo Raihana ta ɗaga hannu. "Ku saurara. Muna da namu a cikin aikin. Zubai, ke kika ji da kunnenki. Abin da kika faɗa shi za a yi."

Zubaidatu ta tashi, ta gyara mayafi, ta taka har gaban Bappa. Ta durƙusa kamar mai gaisuwa, ta kifa tafin hannu a ƙirjinsa. Zuciyar na dukan hannunta har ana ganin rigar na motsi.

"Ku zo ku ji," ta ce, a hankali. "Wannan ƙirjin ne mara lafiya? Kamar ganga fa."

Ba wanda ya yi dariya. Duk wanda ke ɗakin ya san inda maganar ta fito. Gwaggo ta sunkuyar da kai, ta shiga jan carbi. Bappa kuwa sai fuskarsa ta yi fari-fari, ya ture hannunta.

"Ke, ni kike wa haka?"

"Allah ya huci zuciyarka, Bappa. Tambaya ɗaya gare ni, a gaban 'yan'uwanka. Abin da na ji a ƙirjinka shi na ji a ƙirjin Baba, huci ɗaya ne, bugu ɗaya ne. In naka ciwo ne, to nashi ma ciwo ne. Ka faɗa da bakinka cewa Baba ba raggo ba ne, ciwo ya kashe shi yana ɗaukar maka bulo. Kana faɗa, wallahi zan ba da shaida a sayar da filin yau, har rabona ka ɗauka. In kuma Baba lalaci ne ya yi, to ni ban san abin da zan kira naka ba."

Ba wani abu mai wuya ta nema ba. Magana ce da ba ta kai tsawon sallama ba, kuma ransa ne a ɗaya hannun. Ta tsaya tana kallon bakinsa, ita kanta ba ta san wanne ta fi so ba, ya faɗa ko ya ƙi. Leɓensa ya motsa. Ya dubi ƙannensa, waɗanda tun suna yara ba su taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. Ya dubi ƙofa, inda matan gidan suka taru suna leƙe.

Sai ya miƙe, ya kaɗe babbar riga.

"Usaid raggo ne, kowa ya sani. Ni kuwa lafiyata lau. Ku riƙe filinku."

A tsakar gida akwai buhun masara da aka sauke wa Gwaggo. Don ya nuna musu, ya sungume shi ya kai ƙofar madafa, ya dire, ya fita ba sallama. Zubaidatu kaɗai ta lura da yadda ya dafa bangon zaure ya daɗe kafin ya kai ga motarsa. Ta koma wurinta ta zauna. Gwaggo ta ce, "Zubai, ba ki ce komai ba." Ta ce, "Ai ya faɗa, Gwaggo."

Ba a sayar da filin ba. Da bazara ta zagayo, 'ya'yansa suka kawo shi Samaru a riƙe. Dakta Adeola ta sake ɗaukar hoton, ta daɗe tana kallo, sannan ta kashe na'urar. Tsokar ta buɗe, ta yi sanyi, lokacin tiyata ya wuce. Sauran magani ne kawai na rage ruwan da ke taruwa a jiki.

Zubaidatu da kanta take kai masa maganin har Dogarawa. Dangi na sa mata albarka, suna cewa yarinya mai zumunci. Ba zumunci ba ne. So take ta gani da idonta.

Ba ya iya zaman gida, ba ya kuma iya tsayuwa, don haka kullum a gindin dalbejiyar take samunsa, ƙafafu a kumbure sun fi ƙarfin takalmi, yana kallon leburori suna aikin da suka ga dama. Rannan tana shigowa ta tambayi Julius, mai tuƙa injin bulo, ko mai gida na nan. Julius bai daɗe da kama aiki ba, bai san Usaid ba, bai san ko ita wace ce ba. Ya nuna mata da haɓa, yana 'yar dariya.

"Sarkin Benci? Ga shi can a fada."

Bappa ya ji. Ta ga ya ji. Ta taka a hankali har gabansa, ta durƙusa, ta ajiye maganin a gefen bencin, daidai inda take ajiye wa ubanta kwanon abinci.

"Ya jiki, Bappa?"

Ya ja numfashi, ya sake ja, kafin maganar ta fito.

"Da sauƙi."

"Haka Baba yake cewa," in ji ta.