Layin Bakin Taga

Abdulmannan ya kunna kwamfuta ta talatin, ya yi ta bugun F2 har shuɗin allon Bayos ya bayyana. Nan ne can cikin kwamfuta, inda ake gaya mata abin da za ta karɓa da abin da za ta ƙi tun kafin ta gama farkawa. Ya toshe duk ramukan soka filas, ɗan abin nan da ake ɗauko bayanai a ciki, ya hana ta tashi daga ko'ina sai ma'ajiyar cikinta, ya kulle da lambar sirri. Gobe 'yan mata za su cika ɗakin nan don jarrabawar shiga makarantar ungozoma, har da Zulfa, 'yarsa ta fari.

Saura goma, layin bakin taga. Hadari ya taso daga wajen Auyo, ɗakin ya yi duhu tun la'asar, sai ga ƙamshin turaren Alhaji Shu'ibu, mai wannan cibiyar jarrabawar. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake shakkarsa.

"Injiniya, waɗannan goman ka bar musu ramukansu a buɗe."

"Alhaji, ai doka ce a rufe. In aka soka filas mai amsoshi..."

"Ni za ka koya wa doka? 'Ya'yan manya ne, an riga an yi magana." Ya shafa bayan wata kujera. "Na ji taka ma tana ciki, lamba sha bakwai ko? Tsohuwar kwamfuta ce wannan. Ka san halinsu, sai su mutu ana tsakiyar aiki, kuma ba a sake wa kowa jarrabawa."

Shekara biyu Zulfa tana karatu, ko bara da kogi ya shigo musu har tsakar gida, littattafanta ta ɗora a ka ta bar kayan sawarta.

"In kana so, a mayar da ita bakin taga," in ji Alhaji.

"A'a. Ka bar ta inda take."

Iyakar abin da ya iya ƙi ke nan. Ya bi kwamfutocin nan goma ɗaya bayan ɗaya, ya shiga Bayos, ya fita bai taɓa komai ba. Bai taɓa jin ya tsani hannunsa irin na ranar ba.

* * *

Kwamfutar Zulfa ba ta mutu ba. Da sakamako ya fito ta yi ƙoƙari ƙwarai, amma gurbi kaɗan ne, kuma mutum goma sun riga sun zauna a saman jerin. Sunanta ya faɗo ƙasan layin da aka ja, ita ce ta uku a ƙasansa.

Da yamma ta kawo masa buta a ƙofar ɗaki, idonta ya kumbura amma tana murmushi. Ta tsuguna kusa da shi.

"Baba, ka ga na bakin tagar nan? Wallahi ko rabin lokaci ba a ci ba suka tashi. Wace irin ƙwaƙwalwa Allah ya ba su?"

Ya jawo butar gabansa, ita kuwa ta ci gaba.

"Laifina ne, ban yi karatu sosai ba. Ka yi haƙuri, na ba ka kunya a wurin aikinka. Baɗi zan ƙara dagewa."

Ya karkata butar zai fara alwala, ya kasa tuna niyya. Ruwan ya yi ta zuba ta tsakanin yatsunsa har butar ta ƙare, ita kuwa tana tsugune tana jiran ya ce ya yafe mata.