Fararen Ƙarafunan Motar Alhaji Muntaka

Ni Lawwali na riga kowa a Matameye ganin motar nan. Tun tana yashe bayan kantin Baturen gyaɗa, kaji na ƙwai a cikinta, na leƙa ta na ce wannan ba ta mutu ba, suma ta yi. Mutumin da ya ci yunwar fara ya tashi, ya yi aikin dole a hanyar Damagaram ya komo da ƙafafunsa, ai ya san bambancin gawa da mai barci.

Da Baturen zai tafi gida, Alhaji Muntaka mai sayen gyaɗa ya karɓe ta, ya ɗauko wani makanike daga Damagaram, sunansa Harisu. Sharaɗi guda ya gindaya masa: in motar ta koma yadda ta fito daga hannun masu ƙera ta kafin a buɗe cinikin gyaɗa, shi ne direbanta. In ko da abu guda ya rage, ya nemi kamiyon, babbar motar kaya, da zai mai da shi gida. Harisu kuwa ya riga ya kwaso matarsa da tukwanenta, ba shi da wurin komawa.

Kullum ina gindin bishiyar bedin da yake aiki. Ba zaman banza ba, ni nake gaya masa in injin ya yi tarin da bai dace ba. Kafin ya shafa fenti ya ɓamɓare wasu fararen ƙarafuna dogaye daga jikinta, masu walƙiya kamar azurfa. Na lasa ɗaya, na ƙwanƙwasa shi a haƙori. Ba azurfa ba ne, ba kuma dalma ba. Alhaji ya ce a kai su ɗakin mahaifiyarsa, Hajiya Batulu, nan ne ba mai taɓawa.

Fenti ya bushe, baƙi wuluk, mota ta tashi har awaki suka watse. Aka aika a karɓo ƙarafuna. Hajiya ta ce ba ta san zancen ba.

Ashe ta goge su da tsumma, ta jera su a bango tsakanin tasoshinta da fentattun kwanonin Kano, matan unguwa har daga Tsauni suna zuwa kallo. Abin da ya hau jeren mace kuwa, wa ya isa ya sauko da shi? Alhaji ya je bakin ƙofa ya durƙusa, ya ce, "Inna..." Ta ce, "Na'am?" Ya ce a'a, gaisuwa ce. Ya fito yana share zufa, amma bai janye sharaɗinsa ba. Harisu ya zauna a kan taya ya rafka tagumi.

Duk garin nan mutum guda ne ke iya faɗa wa Hajiya magana son ransa, ni ne, don taubashiyata ce, uwata da ubanta ciki ɗaya. Na shiga ko sallama ban ƙarasa ba.

"Ke tsohuwa, yaushe kika fara satar kayan mota?"

"Ji bawana! Wa ya kwance ka? Ajiya aka kawo, na ajiye inda ido zai gani."

"To mai ajiya ya zo. Yaron mutane zai rasa abinci saboda ƙawar ɗakinki."

Ta dubi bangon. Sai ta ce, "Lawwali, tsakaninka da Allah, mene ne aikinsu a jikin motar? Su ke sa ta gudu?"

Na buɗe baki, na ga ni ma ban sani ba, abin da bai cika faruwa ba. Na ce tsawa suke karewa. Ta ce ƙarya nake, tun muna yara hancina ke motsi in na yi ta. Ta yafa mayafi, ta sa aka kwaso su a tabarma, ta ce da bakin makaniken za ta ji. In suna da aiki ta bayar, in babu su koma bango.

Muka iske Harisu da Alhaji wurin motar, na yi ta ƙifta wa Harisu ido ya ƙirƙiro wani abu. Yaron nan ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ba sa aikin komai. Ado ne kawai."

Na ce shi ke nan, ya kashe kansa. Hajiya ta dube shi, ta dubi ɗanta, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ado! Muntaka, ashe ku ma maza jere kuke yi? Kai da kake cewa kwanonina ɓarnar wuri ne? To a jera ina gani."

Aka kawo mata kujera. Harisu ya fito da wasu 'yan maƙalai kamar ƙugiyar kifi, ya soka su a ramukan jikin motar, ya ɗora dogon ƙarfen gefen dama a kai, ya naɗe hannunsa da tsumma yana bugawa a hankali. Kowane ya kama sai ka ji ƙas. Ni na riƙe masa ɗaya bakin. Na leƙa fuskata a ciki na ga hancina ya yi faɗin faifai. Hajiya na daga zaune tana cewa na hagu ya fi na dama sauka, a ɗaga. Ya cire ya sake.

Da aka zo kan ɗan guntun da ke zama a bakin kapo, wato murfin injin, ta miƙa hannu ta ɗauke shi ta soke a zani.

"Wannan ladan ajiya ne."

Alhaji ya dubi gurbin da ya rage. Ya soma cewa, "Ai sharaɗin..."

"Amarya ta gama shiri," in ji Hajiya, tana nuna motar. "Ba yaron nan mabuɗi, ya kai ni Kance in gai da ƙanwata."

Ya ba shi. Ni na zauna gaba, Alhaji da kansa a baya ya zauna kusa da Hajiya.

Wanda ya ce ƙari na yi, ga ni nan kullum a rumfar Rabi'u mai tsire. Ya zo ya faɗa a gabana, in kama hannunsa mu je wurin Hajiya ya maimaita, in yana da zuciya.