Kilomita na Ashirin da Tara

Duk wanda ya san Lenie Arendse ya san ba ta taɓa gudu ba a rayuwarta, sai fa in ruwa ya tsinke tana da shanya a igiya. Shekarunta hamsin da uku, gwiwarta ta hagu tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Shi ya sa ranar da ta ce za ta shiga gudun famfalakin da ake yi cikin gonakin inabi, kilomita arba'in da biyu cur, yayanta Gawie ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce wannan ai tseren masu hannu da shuni ne daga Cape Town da Turai, waɗanda ke sa kayan ban dariya suna tsayawa a kowace gona su kurɓi giya su ci cuku. Ita da ko giyar ba ta sha, me za ta je yi, ko gwiwar ce take so ta ƙarasa?

Lenie ta shimfiɗa taswirar tseren a kan tebur, ta ɗora yatsa a kilomita na ashirin da tara. Gawie ya sunkuya ya duba, dariyar ta ɗauke ɗif.

Gonar da aka haife su ce. A nan ubansu ya yi aiki tun zamanin da ake ba ma'aikaci gwangwanin giya a matsayin wani ɓangare na ladansa, kuma giyar ce ta kai shi ƙasa tun bai yi furfura ba. A nan Lenie ta yi shekara talatin tana datse reshe tana tsinke inabi. Da aka sayar da gonar wa wani kamfani, sai aka kwashe ma'aikata zuwa bayan gari, aka sa ƙofar ƙarfe da waya mai lantarki. Rayayyu aka kwashe, matattu kuwa aka bar su a baya. Uwarsu, Ma Spaas, tana kwance a maƙabartar ma'aikata bayan tafkin gonar, kuma shekara shida ke nan Lenie ba ta taka wurin ba. In ta je ƙofa a ce ta rubuto wasiƙa. In ta rubuta, shiru kake ji. Ta rubuta har sau huɗu, ta yi ladabi har ta gaji da kanta.

Sai kuma a watan Mayu wani direban tarakta ya raɗa mata cewa an auna filin bayan tafki, za a dasa sabon inabi kafin shekara ta ƙare. To, tura ta kai bango. Ƙofar nan ana buɗe ta sau ɗaya tak a shekara ga duk mai lamba a ƙirji, ranar tsere, amma ƙarfe goma sha ɗaya ake rufewa, kuma duk wanda bai iso ba mota ce ke kwashe shi.

Wata biyar ta yi tana fita da sassafe kafin aiki, da takalman ɗiyarta da suka fi ta girma. Farkon fita ko kwanar coci ba ta kai ba ta zauna a bakin kwata tana haki. Maƙwabta suna leƙowa ta taga suna tambaya wa ya biyo ta. Gawie kuwa bakinsa bai huta ba, kullum sai ya ce ya riga ya yi wa motar asibiti magana. Amma shi ne ya riƙa bin ta a kan keke da gorar ruwa, yana zagin karnuka.

Ranar tsere, ƙarfe shida da rabi aka harba bindiga. Kai, in ba ka gani ba, ba za ka yarda ba. Ga wani ya shiga cikin kayan nonon inabi, da balo-balo masu launin inabi tun daga wuya har gwiwa. Ga wasu mata shida da rigunan amare. Ga wani ƙato sanye da ganga. Lenie da baƙar sikat ɗinta ta coci a kan wando, da lamba 2417 a ƙirji, ta bi gefen hanya ba ta kallon kowa. A gona ta farko aka miƙo mata ɗan kofi da jar giya, ta girgiza kai. A ta biyu ma haka. A ta uku wata yarinya mai fara'a ta ce mata ai wannan ita ce ta ci kyauta bara. Lenie ta san kurangar da ta haifi inabin, ta san har matan da suka tsinke shi, amma ruwa kawai ta karɓa ta wuce.

A kilomita na goma sha takwas hanya ta fara hawa, rana ta buɗe, gwiwar ta fara magana. Nan wani tsoho siriri ya jero da ita, rigarsa cike da bajojin tsere iri-iri. Ya ce sunansa Mlungisi, daga unguwar Khayelitsha ta Cape Town, wannan ne famfalakinsa na sittin da ɗaya. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce in ta ci gaba da hawan tudu a guje haka, to gawarta za a kai ƙarshen tseren. A tudu tafiya ake yi, a gangara a yi gudu. Sannu ba ta hana zuwa.

"Tata, tawa sannun tana da agogo," in ji Lenie, tana kiransa baba da harshensa. "Sha ɗaya za su rufe."

Ya tambaye ta me ke bayan ƙofar da ya fi lambar yabo. Tana haki ta gaya masa, kalma biyu numfashi ɗaya. Tsohon ya duba agogonsa, ya ce ta zuba ido a dugadugansa kawai, kada ta ƙara kallon tudu.

Haka suka yi ta ja. Babban yatsanta ya fashe, ta ji danshin jini a safa. A kilomita na ashirin da biyar ta yi amai a gindin wani shinge, ta goge baki ta miƙe. Motar kwasar waɗanda suka gaza ta biyo su a baya tana tafiyar hawainiya, direban ya leƙo ya ce akwai kujera da ruwan sanyi, Antie ta hutar da kanta. Lenie ta ce ya ajiye wa uwarsa kujerar. Mlungisi ya yi dariya har ya kusa tuntuɓe. Ita kuwa ta san in gwiwar nan ta ƙi, shi ke nan, sai dai ta ji labarin tarakta ta bi ta kan Ma Spaas.

Sha ɗaya saura minti huɗu suka shiga ƙofar. Mai gadi har ya kama ƙarfen zai ja.

Ciki an kafa rumfa fara a gaban tsohon gidan masu gonar, ana kiɗa, tebur cike da kofuna. Hanyar tsere ta yi dama, an ja jan zare an kafa kibiya. Lenie ta ɗauki kofin giya ɗaya, ta juye shi a ƙasa a gaban masu rabawa, ta cika shi da ruwa. Sannan ta ɗaga jan zaren ta yi hagu, ta shiga tsakanin layukan inabi. Mlungisi ya bi ta.

To, ka san halin 'yan bayan tsere. Mutum ya yi kilomita ashirin da tara cikin rana, ya kurɓa a gona bakwai, ai ba ya karanta kibiya, bayan wanda ke gabansa yake bi. Mai kayan inabi ya ga mutum biyu masu lamba sun yi hagu, ya bi su. Amare shida suka bi shi. Mai ganga ya bi amare. Kafin manajan gonar, wani matashi mai suna Loubser, ya ajiye kofinsa ya hau ɗan babur ɗinsa mai ƙafa huɗu, mutum sun fi ashirin suna bin Lenie zuwa bayan tafki.

Da ta iso sai ta tsaya cak. An nome ciyawa ƙarƙaf, an kwashe giciyen katako an tara su a gefe kamar itacen girki. An ja igiya, an kafa turaku farare layi-layi, kuma layi ɗaya ya bi ta tsakiyar kaburbura. Ba abin da ya rage sai 'yan tudun ƙasa da fasassun kwalabe da aka taɓa sa furanni a ciki.

Loubser ya iso yana ɗaga hannu yana murmushi ga baƙi, ya ce an yi ɓatan hanya, kowa ya koma. Sannan ya matso kusa da Lenie ya rage murya. Ya ce nan wuri ne na kamfani, in ba ta koma cikin zare yanzu ba zai sa a soke lambarta, ba lambar yabo, ba komai.

Lenie ko kallonsa ba ta yi ba. Ta taka zuwa tudu na farko ta nuna shi, ta ce wannan Oom Dawid ne, wato Kawu Dawid, shi ya gina bangon tafkin can da hannunsa. Wannan Antie Ragel ce, ita ta karɓi haihuwar rabin yaran gonar. Waɗannan ƙanana biyu tagwayen iyalin da ake kira September ne, kyanda ta ɗauke su mako ɗaya. Wannan ubanta ne. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, mutum goma sha bakwai, ba ta yi kuskuren ko ɗaya ba. Mai kayan inabi ya cire hularsa, balo-balonsa suna ƙara a iska. Ɗaya daga cikin amaren ta ɗaga waya tana ɗauka, biyu suka bi sahunta. Loubser ya kalli wayoyin, ya kalli mai gadin da ya biyo shi, ya rasa inda zai sa hannunsa.

Kabari na ƙarshe yana gindin wata tsohuwar itaciyar ɓaure. Lenie ta durƙusa, gwiwar ta yi ƙara, ba ta damu ba. Ta zuba ruwan kofin a hankali a kan busasshiyar ƙasar, rabinsa ma ya riga ya zube a hanya.

"Ma, na zo," ta ce. "Na daɗe, amma na zo. Da ƙafata."

Turaku uku ne a kan kabarin. Ta kama na farko da hannayen nan da suka yi shekara talatin suna fama da kuranga, ta girgiza shi ta tuge. Ta tuge na biyu, ta tuge na uku. Mlungisi ya sunkuya ya kama wanda ke kan Oom Dawid. Mai ganga ya tuɓe gangarsa ya shiga layi. Ba a yi minti biyar ba babu turke ko ɗaya a tsaye cikin maƙabartar, amare suna ta ɗauko giciye suna tambayar Lenie ina wannan zai koma.

Loubser ya ce mata ta sani fa ta fita daga tsere.

Lenie ta zare allurai huɗun da ke riƙe da lambarta, ta ɗora takardar a kan kabarin uwarta ta danne da dutse. Sannan ta tattara turaku ukun ta ɗingisa zuwa gabansa, ta miƙa masa su har sai da ya karɓa.

"Ga kayanku, Meneer, yallaɓai," ta ce. "Kun manta su a kan uwata."