Jadawalin Shayarwa

Saura kwana huɗu a rufe tsohon shafin zumuntar gidan Malam Ramalan, saura mako uku a ɗaura auren Jannatu da Amiru. Duka ranakun biyu Jannatu ta zagaye su a kalandar da ke rataye a zauren gidansu a Rano, ɗaya da jan biro, ɗaya da shuɗi.

Marigayi Abdulganiyyu, ɗan wan babanta, shi ya gina shafin a intanet shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya bi dangi gida-gida a kan babur, daga Rano zuwa Zurgu, daga Rurum har Kibiya, yana rubuta wa ya haifi wa. Kowa da shafinsa: suna, hoto in akwai, sai wani akwati a ƙasa mai suna "ƙarin bayani", inda ya riƙa zuba duk abin da tsofaffi suka faɗa masa. Yanzu kamfanin da ke ajiye shafin ya aiko cewa ranar Juma'a zai daina aiki, abin da ba a kwashe ba ya tafi ke nan. Dangi suka ce ai Jannatu ta karanta kwamfuta, ita za ta kwashe su ta kai sabon mazauni.

Ba ta yarda ta juye su haka birjik ba. Sai ta tsara rumbun bayanai mai jadawali daban-daban, kowanne na riƙe da hannun ɗan'uwansa. Mutum dubu da ɗari biyu da 'yan kai, kowa ta ba shi lamba. Jadawalin aure ya haɗa lambar miji da ta mata, na haihuwa ya haɗa ta iyaye da ta ɗa. In ka buɗe shafin mutum, na'ura da kanta za ta bi lambobin ta jero maka iyayensa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa.

Akwatin nan na ƙarin bayani ne kawai ya hana ta sakat.

Ranar Litinin bayan la'asar Amiru ya zo daga Kibiya, inda yake koyarwa. Shi ma jinin Malam Ramalan ne, ta can nesa. Ya jingine babur, ya leƙo zaure.

"Ranki ya daɗe injiniya, har yanzu ana ƙirgar matattu?"

"Matattun nan kakanninka ne, ka iya bakinka."

"To ni lambata nawa?"

"Ɗari takwas da sha huɗu."

"Haba! Duk son da ake cewa ana yi mini, ba a ba ni lamba ɗaya ba?"

"Lamba ɗaya ta Malam Ramalan ce. Je ka maƙabarta ka karɓo."

Ya yi dariya ya zauna a gefen tabarma, ya karkata kai yana karanta akwatunan. Baƙin tabon nan na bayan kunnensa ya fito, wanda take tsokanarsa da cewa wake ne ya ɓoye don yunwa.

"Ji wannan: 'Yana da jaki mai cizo.' Jannatu, don Allah ki watsar da akwatin nan ki huta. Wa zai nemi jakin wani?"

"Jakin zan bari. Amma akwai wuri arba'in da bakwai da aka rubuta wance ta shayar da ɗan wance. Wannan ba abin watsarwa ba ne, da shi ake sanin wanda ya haramta ga wani."

Ta nuna masa jadawalin da ta yi musu. Gurbi biyu ne: lambar mai shayarwa, lambar yaron da ya sha. Ta ɗaure shi yadda ba zai karɓi layi ba sai gurbin biyu sun cika, ta kuma jona shi da jerin 'yan'uwa, domin wanda ya sha nonon mace ya zama ɗan'uwan duk 'ya'yanta.

"Malama ke nan," in ji shi. "Allah ya sa ki riƙa tsara mini miya haka."

Bayan ya tafi ta ci gaba. Arba'in da shida suka shiga lafiya. Na ƙarshen a shafin mahaifiyarta yake, Dije, wadda ta rasu Jannatu na da shekara tara. Ta daɗe tana kauce wa shafin saboda hoton. Ta buɗe.

"Iya Barira ta ce Dije ta shayar da ɗan farin Mu'minat wata biyu, daminar da Mu'minat ta kwanta ciwo."

Babu sunan yaro. Ta nemi Mu'minat a jadawalin mutane, guda biyu suka fito. Ɗaya ta Zurgu. Ɗaya matar Isma'ila na Kibiya, wadda ta rasu ta bar jariri ɗaya tak: lamba ɗari takwas da sha huɗu.

Lambar Amiru ke nan. Shekara goma sha ɗaya maganar nan tana zaune a shafin, ba wanda ya lura, don kowane shafi zaman kansa yake yi. Ita ce ta zo ta ƙulla musu zare.

Ta duba shekaru, ko za su cece ta. Ɗan farin ta Zurgu da Amiru da yayanta Khalid duk haihuwar shekara ɗaya ne.

Ranar Talata ba ta taɓa kwamfutar ba. Ta wanke kayan da ba su yi datti ba, ta share tsakar gida sau biyu. Zuciyarta na ta raya mata: Dije ta rasu, matar Isma'ila ta rasu, Abdulganiyyu ya rasu. Maganar tsakar gida ce, maza ba su san ta ba. Ki bar jadawalin a arba'in da shida, Juma'a ta zo ta share sauran. Ko ki sa lambar ɗan Zurgu, na'ura ba za ta yi gardama ba, lamba kawai take so.

Laraba da hantsi ta hau acaɓa zuwa Rurum Tsohon Gari. Hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin, ya danne kan duwatsu. Iska ba ta ko motsi. Dawa ta tsaya cak a gonaki hagu da dama.

Iya Barira ƙanwar kakarta ce, ta haura tamanin, ido ya tafi, hankali kuma yana zuwa yana komawa. Ta shafa fuskar Jannatu ta gane ta.

"Amarya! Kin zo gayyata ko kin zo tsoro kar in ƙwace angon? An ce ɗan Isma'ila ne. Wanne a ciki? 'Ya'yan Isma'ila ai sun kai rabin Kibiya."

"Iya, tambaya na zo yi tukuna. Innata ta taɓa shayar da ɗan Mu'minat. Ta Zurgu ce?"

Tsohuwar ta kece da dariya har da tari.

"Ta Zurgu? Wannan ƙatuwar? Ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba, ita da za ta shayar da unguwa guda. Matar Isma'ila ce, Allah ya jiƙanta. Shi yana kudu wajen nema. A ɗakin nan aka kwantar da ita, ga gadon nan. Jaririn ya yi kuka har murya ta dushe. Ni na ɗauke shi da hannuna na ɗora wa uwarki, Khalid a dama, shi a hagu. Ɗan mitsitsi, da wani baƙin tabo a bayan kunne."

Tsawa ta faɗi can nesa.

"Ba ki faɗa mini ba, wanne ne angon?" in ji Iya.

Ruwa ya fara buga kwano. Iya ta saurara, fuskarta ta sauya.

"Dije, kwashe shanyar nan mana, kina zaune ruwa zai jiƙa zanin yara."

Hankalin ya koma. Jannatu ta fita tsakar gida, babu shanyar komai, ta tsaya a cikin ruwan ta yi kukanta inda ba mai ji.

Ranar Alhamis da la'asar ta gama kwashe komai. Mutane, aure, haihuwa, har jaki mai cizo ta samar masa wuri. Layi ɗaya ya rage: lambar Dije a gurbin farko, na biyu fayau, na'ura ta ƙi karɓa kamar yadda ita ta umarce ta. Gobe war haka tsohon shafin ya mutu, kuma duk duniya ita kaɗai ta sani.

Ta ji tsayuwar babur. Amiru ya shigo da katin gayyata kala uku a hannu.

"Zaɓi ɗaya, injiniya. Ni dai mai ruwan zuma nake so, amma an ce ango ba shi da baki." Ya dube ta. "Lafiya? Idonki ya kumbura."

"Zauna, Amiru."

Ya zauna. Ta tuna ranar da ya fara tsayar da ita a bikin dangi, da waƙoƙin da ya riƙa turo mata, marasa daɗi, ta adana su duka. Ta tuna kuma cewa ba na'urar take tsoro ba. In ta yi shiru, kullum ta ga tabon nan sai ta ji muryar Iya, kuma shi ma za ta sa shi cikin abin da bai sani ba.

Ta danna takwas, ɗaya, huɗu. Layin ya shiga ba gardama.

Sannan ta buɗe shafinta, ta juya masa kwamfutar. A ƙarƙashin jerin 'yan'uwanta ga Khalid, ga ƙannenta biyu, ga suna na huɗu da bai taɓa zama a wurin ba.

Ya karanta yana murmushi, yana jiran ta ce kuskure ne. Ya sake karantawa. Katunan suka zame daga hannunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Jannatu, mene ne wannan?"

"Ka kira Baba Isma'ila," in ji ta. "Ni ma zan faɗa wa Baba. Gobe da safe mu tafi Rurum gaba ɗaya, da safe Iya ta fi tuna abubuwa."