Magen Iya Turai da Baƙinta Uku

Hasiya tana tsaye a kan turmin da ta kifa a gindin katanga, haɓarta a kan bulo, lokacin da Iya Turai ta fito daga ɗan ɗakin da marigayi mijinta yake ajiye komar kamun kifi. Tsohuwar ta ja ƙyauren ta tokare shi da dutse. Ta kwance wani tsohon zane da ta ɗaura a kan na jikinta, ta rataye a ƙusa, sannan ta tsugunna da buta da sabulu ta wanke hannu har gwiwa. Yau kwana uku ke nan Hasiya tana ganin haka, kuma ita Allah bai halicce ta da haƙurin ganin abu ta ƙyale ba. Duk unguwar an san ta. In aka yi baƙo a wani gida, kafin ya gama shan ruwa ta san garinsu da abin da ya kawo shi.

"Hasiya," in ji Iya Turai, ko ɗago kai ba ta yi ba, "turmin nan wata rana sai ya juye da ke. Zagayo ta ƙofa, a buɗe take."

Kunya ta kama ta, amma kunyar ba ta kai son sanin ƙarfi ba. Ta yafa mayafi ta zagayo.

"Ina kwana, Iya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ɗaura wancan zanen, ki shiga ki gani, ko kya samu barci."

Hasiya ta yi zaton za ta ga wani abin ɓoyo, ko tukunyar magani, ko buhun kifin banda da ba a son maƙwabta su sani. Sai ta ga kwando da tsummoki, da 'ya'yan mage uku a cure wuri guda. Idanunsu duk sun manne da kwantsa, hancinsu na yoyo. Ɗaya, ja, ya yi wata 'yar atishawa da ta kusa kayar da shi.

"Iya! Waɗannan ne kike yi wa wankan hannu kamar likita?"

"A buhu na tsince su, a bakin ruwa, wajen masu banda."

Hasiya ba ta tambayi wanda ya yar da su ba, don ta san yadda ake yi. A garin ba mai kashe mage, kowa tsoron alhakinta yake ji. In ta haihu a gidan da ba a so, sai a zuba 'ya'yan a buhu, a kai su nesa a ajiye, a dawo da zuciya fes, wai ai ba a kashe ba.

Iya ta nuna mata aikin. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri, auduga guda ga kowane ido, ba a maimaita ta. Nonon akuya a sirinjin da aka cire wa allura, a ɗiga ta gefen baki a hankali. Duk wannan Hasiya ta gane. Abin da ya tsaya mata a rai zanen ne, da dutsen bakin ƙofa.

"To wai me ya sa sai an canza zane?"

Iya ta nuna ƙofar ɗakinta da baki. Can ga tsohuwar magenta, Gwaggo, a zaune, shekararta goma sha huɗu, kunne ɗaya a yage, tana kallonsu irin kallon uwar gidan da aka yi girki ba a sanar da ita ba.

"Ta tsufa. In ta ɗauki ciwon nan ba za ta tashi ba. Ba ta zuwa inda suke, ba sa zuwa inda take, sai idanunsu sun washe."

"Ciwon a zane yake tafiya?"

"Riƙe min wannan ɗin," in ji Iya, ta miƙa mata jan.

Daga ranar Hasiya ta zama 'yar aikin ɗakin koma. In ta gama sharar gidanta ta tura yara makaranta, sai ta zagayo. Kullum da tambayarta, kullum Iya da abin da za ta miƙa mata ta riƙe. A nan ne ta lura ƙafafun tsohuwar sun kumbura har silifas ba sa shiga, kuma daga ɗakinta zuwa ɗakin koma, taku goma ne, sai ta huta a hanya.

Ranar da ƙaramin cikinsu ya mutu, Iya ta naɗe shi a tsumma ta ce Hasiya ta haƙa masa rami a gindin zogale. Suna zaune bayan an rufe, ruwan damina na haɗuwa ta gabas, sai Iya ta fara magana ba tare da an tambaye ta ba.

"Shekarar da ruwan madatsar Tiga ya ci garinmu, 'ya'yana biyu. Safara'u tana da shekara huɗu, Imran yana goye. Da aka taso mu, kafin mu gama gini, ɗaki ɗaya muke kwana da mu da gidan yayan mijina. Ƙyanda ta kama Imran. Yini nake da shi a baya, jikinsa kamar garwashi. In ya yi barci na sauke shi, sai Safara'u ta zo tana kuka ita ma a goya ta. Da zanen nan dai nake goya ta." Ta murza gwiwarta. "Kwana tara ne tsakanin rasuwarsu. Daga baya wata malamar asibiti ta zo garin tana cewa a riƙa raba mai ciwo da mai lafiya. Na ce, baiwar Allah, ina kike tun watan jiya?"

"Iya, ai kwana ne ya ƙare."

"Na sani. Kullum haka nake faɗa wa kaina. Amma zanen nawa ne."

Hasiya ta samu amsarta, kuma karo na farko a rayuwarta ta ji da ma ba ta samu ba. Tausayin matar ya cika ta har ta kasa duban fuskarta.

Bayan kwana biyu numfashi ya fara yi wa Iya wuya. Aka kira ɗanta Ɗahiru, wanda ta haifa bayan an zauna a sabon gari, direba ne a Kwanar Dangora. Ya kai ta asibiti aka ce zuciya ce, aka ba da magani, ta kafe sai an mayar da ita ɗakinta. Shi kuwa Ɗahiru, abin da likita ya faɗa daban, abin da ya yarda da shi daban.

"Gashin mage ne," ya ce wa Hasiya a tsakar gida. "Tun ina yaro nake ji ana cewa yana sa fuka. Guda ɗaya ba ta ishe ta ba, ta ƙaro wasu. In ta samu sauƙi zan zuba su a buhu in sauke su a tasha."

Iya ta ji shi daga ciki. Da ya fita ta yafito Hasiya.

"Jan ya buɗe ido ɗaya, ko?"

"Ya buɗe, Iya. Ɗayan baƙin ma ya fara cin kifi in an marmasa."

"Sati guda ya rage musu. Amana na ba ki. Kar su haɗu da Gwaggo, kar kuma su koma buhu."

Ranar Talata da hantsi, bayan ta sha koko cokali uku ta ce ya yi tsami, Iya Turai ta cika. Hasiya ce ta shafe mata ido.

Kafin a ce haka gida ya cika da mata. Baba Badiyya, ƙanwar marigayin mijin Iya, ita ta karɓi ragamar komai, a kai tabarma can, a ɗora ruwa nan. Aka ce Hasiya ta shiga ta zuba wa masu wanka ruwa, tunda ita ce a kanta. Tana riƙe da buta, an ja labule, sai ta ji ƙarar dutse a kan siminti, ta ji ƙyauren ɗakin koma ya yi kuka. Ta so ta ruga waje. Amma wa yake ajiye butar wankan gawa ya fita don mage? Ta ci gaba da zubawa, dama sannan hagu, hawaye na bin fuskarta, kunnenta yana tsakar gida.

Sai da maza suka ɗauki makara suka tafi sannan ta samu fita. Ɗakin koma an share shi, an shimfiɗa tabarmi, tsofaffi biyar suna zaune da carbi. Babu kwando.

"Baba, ina 'yan magen da ke nan?"

"Waɗannan ƙazaman? Suna buhu a zaure. Ɗahiru ya ce a ajiye masa, in sun dawo ya tafi da su. Mutane za su zauna a ina?"

"Tsohuwar magen fa, ta shiga wajensu?"

"Yau ranar lissafin mage ce, Hasiya? Tana ƙarƙashin gado tun safe."

Hasiya ta yi hamdala a zuci ta nufi zaure. Buhun taki ne, an ɗaure bakinsa da igiya, yana motsi kaɗan kaɗan. Ta kwance ta ciro su, ta rungume a ƙirji cikin mayafi. Tana miƙewa maza suka fara dawowa daga maƙabarta, Ɗahiru a gaba, gwiwoyin wandonsa jajur da laka don shi ya shiga kabarin.

Ba a tare namiji da magana ranar da ya binne uwarsa. Hasiya ta san haka, ta kuma tsaya.

"Ɗahiru, ya haƙuri?"

"Da godiya. Mayar da su, Hasiya, zan wuce da su anjima."

"Amana ta ba ni. Ka san Safara'u da Imran?"

Ya dube ta da jajayen idanu. "Yayyena da suka rasu. Me ya kawo su?"

"Ka san yadda suka rasu?"

Bai sani ba. Shekara arba'in da wani abu, ba ta taɓa gaya masa ba. Hasiya, wadda labari ba ya kwana a bakinta, yau sai da ta nemo kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ta faɗa masa a gajarce, muryarta ƙasa ƙasa. Ɗahiru ya jingina da bangon zauren.

"Shi ya sa," ya ce a hankali. "In wani ya yi zazzaɓi a gidan nan, gidan Baba Badiyya take kai ni, sai in yi sati ban gan ta ba. Ni na ɗauka gajiya take yi da ni."

Bai ƙara zancen buhu ba.

Suna nan tsaye sai ga Gwaggo ta fito daga cikin gida, tana ratsa takalman mata da ke zube a ƙofa. Ta shinshina inda aka ajiye makara, ta ɗaga kai, ta nufo Hasiya kai tsaye tana wani siririn kuka. Magen da ba ta taɓa yarda Hasiya ta shafa ta ba, yau ita take nema. Hasiya ta ja da baya har ta bugi bango, 'yan magen suna motsi a ƙirjinta.

"Ɗahiru, tare ta. Ka taɓa su?"

"Ban taɓa ba."

"To ɗauke ta, don Allah. Ni ba ni da halin taɓa ta."

Ya tsaya jim, yana duban hannuwansa. Sannan ya tsugunna ya ɗauke ta a karkace, kamar wanda aka miƙa wa jaririn wasu. Gwaggo ba ta yi gardama ba. Ta sa hanci a hannun rigarsa, inda jar ƙasa ba ta gama bushewa ba, ta daɗe tana shinshinawa.