Jan Fenti a Bangon Rahmatu

Rahmatu Ɗaso ta rasa ɗakinta na Nakkasa ba tare da katafila ta taɓa shi ba. Ita da kanta ta sa aka cire ƙofar, ta kwashe kayanta ta koma Ka'akiyya, saboda jan fentin da ta tarar a bangonta. Sai daga baya ta san ba baladiyya, hukumar birni, ce ta shafa shi ba. Wani mai zane ne ɗan Uzbekistan, Mirkomil Hamrayev.

Abin ya faru ne cikin zafin shekarar 2014, lokacin da ake ta rusau a unguwannin kan duwatsun Makka. A Nakkasa kowa ya san yadda ake yi. In ka ga ja a bangonka, ka cire ƙofa da taga da na'urar sanyi kafin katafila ta haɗa da su. Wanda ba shi da igama kuwa, wato takardar izinin zama, ba ya zuwa ofis neman bayani. Rahmatu ba ta da ita tun da ta zo hajji daga Kano ta zauna, tana sayar da waina.

Ta dawo daga talla ta ga da'ira ja a gefen ƙofa, faɗin tafin hannu. Maƙwabta suka ce sun leƙo sun ga wani farin mutum da kayan aiki yana auna ƙofofi da tef. Ba ta yi kuka ba, don ba wannan ne tashinta na farko ba. Ta kira mai dabbab, ƙaramar motar kaya, aka ɗora ƙofar ƙarfen da ta saya da guminta a kan katifa.

Hussaini Mailafiya ne ya gano bakin zaren. Tsohon maƙwabcinta ne, yana aikin famfo a wani otal da ake ginawa a Aziziyya. A kusurwar kowane silin da aka gama ƙawatawa ya riƙa ganin wannan da'irar. Ya nemi mai ita, ya kai shi wajen Rahmatu a Ka'akiyya wata Juma'a bayan la'asar.

Mirkomil dattijo ne siriri, farcensa cike da gawayi. A Tashkent ya koyi zane zamanin Tarayyar Sobiyet, ya cika bangayen masana'antu da hotunan masu cirar auduga. Da tarayyar ta rushe aikin ya tsaya, ya koma Buhara yana zana ƙananan hotuna ga masu yawon buɗe ido, har kwangilar zanen furanni a silin otal ta kawo shi Makka. Aikin da yake kira nasa daban ne. Yakan shimfiɗa farin ƙyalle a kan tsohuwar ƙofa, ya goga gawayi har siffarta ta fito. An rushe gidan mahaifinsa yana bulaguro, ko hoton ƙofar bai samu ba. Da'irar kuwa daga malaminsa ya gada: duk aikin da aka gama a sa masa ja, kada a maimaita.

Da gurguwar Larabci suka yi magana, Hussaini yana cike giɓi.

"Hajiya, wallahi ban sani ba," in ji Mirkomil.

"Wa ka tambaya?"

"Ba kowa a layin. Duk ƙofofi a rufe."

"Muna ganin mai tef muke rufewa, Malam."

Ya sunkuyar da kai. Sai ya warware ƙyallen a tsakar ɗaki. Ga ƙofarta nan cikin baƙi da fari, da furen ƙarfen da ke tsakiya, da loɓawar da tukunyar gas ta yi mata, har da wayar da ta ɗaure sakata da ita. Ainihin ƙofar tana jingine a bango bayansa, don ta fi gurbin sabon ɗakin faɗi.

"Yaya Rahmatu, ƙofarki za ta je Tashkent ba biza," in ji Hussaini.

"Ita ta dace. Ni fa?"

Mirkomil ya ce zai goge kowace da'ira, ya kuma yi wa mai gidan bayani da bakinsa. Rahmatu ta gaji, amma ta ɗauki abayarta. Daga Ka'akiyya sai ta hau mota kafin ta kai ga masu sayen wainarta, kuma kullum a huce wainar take isa.

Su ukun suka hau matakalar Nakkasa a hankali, Mirkomil riƙe da gwangwanin farin fenti. Mai gidan, Abdulwadud, ya saurara har ƙarshe. Ya riga ya zuba wasu 'yan Burma a ɗakin, sun rataya bargo a madadin ƙofa. Ya ce in dai babu rusau, zai mayar da su ɗakin sama ƙarshen wata, ta dawo abinta.

Mirkomil ya bi layin yana shafe da'irorinsa, mata suna kallonsa ta tagogi. Bangon Rahmatu ne na ƙarshe. Da ya zagaya gefen da ke kallon hanya sai ya tsaya. Akwai wani jan a wurin, na fesawa, dogon layi da lamba a ƙarƙashinsa.

"Wannan ba nawa ba ne," ya ce.

Hussaini ya ce ƙila yara ne. Abdulwadud ya ce ƙila masu gyaran ruwa ne, ƙila kuma baladiyya. Rahmatu ta zauna a kan matakala ta cire silifa tana murza ƙafa.

Kwangilar Mirkomil ta ƙare bayan hajji, ya koma gida. Hussaini ya nuna mata hoton ƙyallen a waya, rataye a wani zauren nunin zane a Tashkent, an rubuta sunanta a ƙasa. Ƙofar tana nan jingine a Ka'akiyya. Abdulwadud ya ce ba zai motsa kowa ba sai an san mai lambar, kuma har yanzu babu wanda ya je ofis ya tambaya.